Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Tarken Labarin Isowar Matashin Hafsa Ƙasar Gure

Gabatarwa

Duk wanda ya saba karanta littattafan da Faransawa suka rubuta game da zamanin da suka ci ƙasashen Sudan ta tsakiya zai lura da wani babi da ba ya ɓacewa a cikinsu, wato babin isowa. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da ƴan kai, bai daɗe da fitowa daga makarantar hafsoshi ba, aka miƙa masa takardar umurni ya tafi wani bariki da bai taɓa jin sunansa ba. Ya yi wata da watanni a hanya, daga jirgin ruwa zuwa kwalekwale, daga doki zuwa raƙumi, sai ran nan da la'asar sakaliya ya hango tuta bisa wani ginin ƙasa a kan tudu. Daga nan marubuci zai tsaya ya bayyana zafin rana da yalwar rairayi da shirun daji da kewar gida da ta kama yaron. Mai karatu zai tausaya masa, kuma da wannan tausayin zai bi shi har ƙarshen littafi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken wannan babi, ta auna shi da ƙasar da ake cewa an iso. Ƙasar da aka zaɓa ita ce ta gabashin Damagaram, inda Gure da Gamu suke. Dalilin zaɓen kuwa shi ne, ɗaliban wannan yanki suna cin karo da tarihin kakanninsu ne ta bakin waɗannan baƙi, a cikin darussan tarihi da na adabin Faransanci. Idan malami bai san yadda aka gina labarin isowa ba, zai koyar da shi yadda aka rubuta shi, yaro kuma ya tashi yana kallon garinsu da idon wanda ya zo cin garin.

Ƙasar da aka iso

Gamu ƙaramar hukuma ce a gundumar Gure ta jihar Damagaram, kusa da duwatsun Kutus. Gure kuwa tana kan babbar hanyar da ta tashi daga birnin Zinder ta nufi Diffa da Ngigmi, tazarar kilomita wajen 160 gabas da birnin. Mazauna gundumar sun haɗa da Barebari, musamman Manga da Dagira, da Hausawa da Fulani da Buzaye da Tubawa. Kafin zuwan Nasara, Gure ce fadar Muniyo, sarautar da ke bin Barno, mai sarki da ake kira Muniyoma.

Akwai shaidar rubutu a kan haka, kuma daga Bature ta fito. A watan Disamba na 1852, Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gure kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Zinder. Ya tarar da gari mai jama'a a gindin duwatsu, da sarki mai fada da dawaki da mayaƙa, da ƴan kasuwa Larabawa masu hulɗar ciniki da fadar. Arziƙin ƙasar ya dogara ƙwarai ga gishiri da kanwa da ake samu a kwarurrukan Muniyo da ƙasar Manga, waɗanda fatake ke kaiwa har Kano da gaba da Kano. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya keɓe littafi guda a 1986 kan wannan ciniki na gishiri a Sudan ta tsakiya. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Damagaram ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimun, wanda aka ƙera bindigogi da igwa a birninsa, har ikonta ya rufe Muniyo. André Salifou ya yi bayanin wannan daula a littafinsa na 1971.

Ke nan, ƙasar da matashin hafsa ya iso tana da sarakuna da malamai da kasuwanni da haraji da rigingimun gado, tana kuma da wasiƙun Larabci da ke kai da kawowa tsakanin Kukawa da Zinder da Agadas da Tarabulus. Wannan shi ne ma'aunin da za a ɗora babin isowa a kai.

Su wane ne matasan?

A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou da tafintansa a Zinder, a zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. A ƙarshen wannan shekara Faransa ta tura ayarin soja ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, da nufin isa Tafkin Cadi. Faransawan da ke cikin ayarin ba su kai goma ba. Sauran, sama da mutum dubu, ƴan Afirka ne: sojojin da aka fi sani da ƴan Sanagal, ko da yake da yawansu daga ƙasar Bambara suke, da ƴan dako da aka kama da ƙarfi, da mata. Ayarin ya bi ta Lugu a watan Afrilu na 1899, inda Sarauniya Mangu ta tare shi, ya yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni a watan Mayu, ya bar ƙonannun garuruwa a bayansa.

Abin lura ga mai nazarin adabi shi ne, wasiƙa ce ta tona asirin ayarin. Wani ƙaramin hafsa mai suna Péteau, wanda Voulet ya kora, shi ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, maganar ta kai kunnen hukuma a Paris. Aka tura Laftanar Kanar Klobb ya karɓi ragamar ayarin, tare da wani saurayi ɗan shekara 25 da ya fito daga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr, Laftanar Octave Meynier. Ran 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka buɗe musu wuta. Klobb ya mutu, Meynier ya ji rauni. Cikin kwana uku sojojin ayarin suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Sauran hafsoshin suka ci gaba, suka yi nasara a Tirmini, suka shiga Zinder a ƙarshen watan Yuli. A watan Oktoba, Laftanar Paul Joalland, wanda bai cika shekara talatin ba, shi da Meynier suka fita gabas suka ratsa ƙasar da ke tsakanin Damagaram da tafki har Ngigmi. Bayan sun haɗu da sauran ayarori biyu na Faransa, ran 22 ga Afrilu 1900 aka yaƙi Rabe a Kusuri. A wannan shekara aka kafa yankin mulkin soja na uku mai mazauni a Zinder, daga bisani kuma Gure ta zama ɗaya daga cikin barikokinsa, inda ake turo ƙananan hafsoshi bi da bi.

Waɗannan su ne matasan na haƙiƙa. Yanzu sai a duba yadda adabi ya siffanta irinsu.

Zubin labarin isowa

Jigon ya girmi cin Damagaram. A 1881 Pierre Loti ya fitar da «Le Roman d'un spahi», labarin Jean Peyral, ɗan ƙauyen Faransa da aka kai Sanagal soja, kewa ta cinye shi, ya mutu a fagen daga. A 1916 aka buga «Le Voyage du centurion» na Ernest Psichari, bayan an kashe marubucin a farkon yaƙin duniya na ɗaya. Tauraronsa, Maxence, hafsa ne da ya sami imaninsa na Kirista a hamadar Muritaniya. A 1940 Dino Buzzati na Italiya ya rubuta labarin Giovanni Drogo, sabon hafsa da aka tura wani sansani a bakin hamada, ya ƙare rayuwarsa yana jiran abokan gaba, ranar da suka taso kuma ciwo ya riga ya kayar da shi. A 1980 Louis Gardel ya fitar da «Fort Saganne», wanda Alain Corneau ya mayar fim a 1984. Idan aka jera waɗannan ayyuka, za a ga ginshiƙai uku da labarin ke tsayawa a kansu.

Ginshiƙi na farko shi ne wofintar da ƙasa. Abin da ido ke fara sauka a kai shi ne sarari: rairayi, ƙaya, iska, sararin sama. Mutane, idan sun bayyana, sukan zo ne a matsayin wani sashe na shimfiɗar ƙasar, kamar itatuwa ko garken awaki. Wannan dabara tana da amfani ga marubuci, domin ƙasar da ba kowa a cikinta ba a ƙwace ta daga hannun kowa ba. A littafin Buzzati babu laifi a nan, saboda sansaninsa na ƙage ne, ba ya cikin kowace ƙasa, kuma jigonsa shi ne yadda lokaci ke cin ɗan Adam. Amma idan aka ɗauko wannan salo aka shimfiɗa a kan Muniyo ko Kutus, to an share Muniyoma da masu dafa gishiri da fatake da makarantun allo da alƙalami ɗaya.

Ginshiƙi na biyu shi ne kaɗaici. Ana nuna hafsan shi kaɗai, ba abokin hira, ba mai fahimtarsa. Sai dai wanda ya ƙidaya mutanen da ke kewaye da shi zai ga akwai tafinta, da kuku, da mai kula da doki, da mai jawo ruwa, da ɗan aike, da sojoji masu iyali a bayan bariki, sau da yawa kuma da wata mace ƴar ƙasa da aka ajiye masa. Mutumin da ke tsakiyar mutum hamsin ya ce shi kaɗai ne, to maganarsa ta nuna waɗanda yake ƙirgawa a cikin mutane. Nan ne ya kamata malami ya tsayar da ɗalibai ya tambaye su: wa ya dafa abincin da tauraro ya ci a daren isowarsa, kuma daga rumbun wa aka ɗebo geron dokinsa?

Ginshiƙi na uku shi ne gwaji. Afirka takan zama fagen da saurayi ke gane kansa: ko ya zama namiji, ko ya sami Ubangiji, ko ya haukace. A kowane hali, riba da hasara a cikin zuciyar baƙon suke. Garin da aka ƙona yana da muhimmanci ne gwargwadon yadda ya taɓa lamirin wanda ya ƙona shi.

Ba a musun cewa akwai gwaninta a waɗannan littattafai. Loti ya iya siffanta kewa, Buzzati ya iya sa mai karatu ya ji tafiyar shekaru a jikinsa. Tarke na gaskiya ba ya hana mai fasaha yabonsa. Amma daɗin salo shi ne ke sa ƙwayar ta wuce maƙogwaro ba a ji ɗacinta ba, don haka gwanintar ce ma ta wajabta a karanta su da hattara.

Joalland da Meynier: tarihin kai ko kariyar kai?

Mutanen biyu da suka ratsa gabashin Damagaram a 1899 duk sun kai muƙamin janar, duk kuma sun rubuta littafi. Joalland ya fitar da «Le Drame de Dankori» bayan shekara talatin da faruwar abin, Meynier kuma ya buga nasa kan ayarin a 1947. Sunan littafin Joalland kaɗai ya isa nazari. Musibar da ya sa a bangon littafinsa ita ce ta Dankori, inda Bafaranshe ya harbe Bafaranshe. Birnin Ƙonni, inda aka kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ba ta sami wannan matsayi ba. Ma'aunin da aka auna rai da shi ya bayyana tun kafin a buɗe shafin farko.

Wajibi ne kuma a tuna cewa Joalland yana cikin ayarin tun daga farkonsa, shi ne mai kula da igwa. Saboda haka littafinsa jawabin mai kare kai ne gaban kotun tarihi. Tsarin da irin wannan rubutu ke bi shi ne raba tafiyar gida biyu. Kashin farko duhu ne, laifinsa kuma a wuyan matattu biyu. Kashi na biyu, daga Zinder zuwa Cadi, haske ne da jaruntaka da ɗaga tuta. Hukuma ma wannan hanya ta bi: aka ce zafin Sudan ne ya taɓa ƙwaƙwalwar Voulet da Chanoine, har aka ƙaga wa ciwon suna, aka rufe bincike ba tare da an hukunta kowa ba. Ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon, wanda ya rubuta «La Gloire du sabre» a 1900, yana cikin ƴan ƙalilan da suka ce aibin na tsarin ne gaba ɗaya.

A nan ginshiƙi na uku ya yi wa hukuma aiki. Idan Afirka fagen gwaji ce da ke haukata wasu, to ƙasar ce mai laifi, wanda ya yi kisan kuwa majinyaci ne. Labarin saurayi mai tsarkin zuciya da ya iso bariki shi ne rabin farko na wannan hujja, domin sai an nuna shi fari tas a ranar isowa kafin a ce rana ce ta ɓata shi.

Sarraounia: an juya madubi

Amsa mafi ƙarfi daga Nijar ta fito ne daga ɗan wannan yanki na gabas. An haifi Abdoulaye Mamani a 1932 a Gudumariya, gabas da Gure a kan hanya ɗaya. Ɗan gwagwarmayar Sawaba ne, ya yi gudun hijira, ya sha ɗauri, ya rasu a haɗarin mota a 1993. A 1980 ya fitar da «Sarraounia». Abin da ya yi shi ne sauya wurin tsayuwar mai ba da labari. Mai karatu yana cikin gari yana jin labarin ayarin na matsowa, yana ganin ƴan gudun hijira na shigowa. Isowa ta tashi daga buɗewar sabuwar rayuwa ta koma saukar annoba. Haka kuma ya ba sojoji baƙar fata baki, ya nuna tsoronsu da kwaɗayinsu da yadda zukatansu suka karaya. Med Hondo ya mayar da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987.

Duk da haka akwai abin faɗi. Na farko, don ya kayar da gwarzon Nasara, Mamani ya gina gwarzuwar da ta fi ƙarfin mutum, ya ɗora mata nauyin ƙasa baki ɗaya. Manazarta irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho sun nuna tazarar da ke tsakanin Sarauniyar littafi da wadda mutanen Lugu ke tunawa a al'adarsu. Na biyu, littafin ya tsananta wa sarakunan Musulmi, ya nuna su ko masu adawa da Azna ko masu sassauci ga baƙi, alhali lissafin da kowane sarki ya yi a wannan shekara ya fi haka sarƙaƙiya. Na uku, a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, Sarauniyar cikinsa kuma ba da Hausa take magana ba. Na huɗu, kuma shi ya fi shafar Gure da Gamu, labarin turjiya ya tsaya ne a inda aka gwabza. Garuruwan da baƙon ya shiga ba tare da babban yaƙi ba, ya zauna, ya ƙirga kawuna, ya sa haraji, ya ɗebi ƴan aikin tilas har zuwa 1946 da aka soke shi, ba su sami mai ba da labarinsu ba. Alhali yawancin ƙasar haka ta ga zuwan Nasara: saurayi ɗaya a kan doki, tafinta a gefensa, da littafin ƙidaya.

Ko a fim ɗin «African Apocalypse» na 2020, wanda Rob Lemkin ya shirya, tsohon zubin bai saki ba. Fim ɗin ya yi abin yabo, domin ya ba jikokin waɗanda aka kashe dama su yi magana da bakinsu. Amma zaren da ya ɗinke shi shi ne tafiyar wani saurayi, Femi Nylander, daga Ingila, riƙe da littafin Joseph Conrad da aka fara bugawa a 1899. Har yanzu dai ta idon mai isowa ake shiga ƙasar.

Abin da takardu suka nuna

A 2021 masaniyar tarihi Camille Lefebvre ta fitar da «Des pays au crépuscule», kan yadda aka mamaye Zinder da Agadas. Ko da yake littafin tarihi ne, yana da darasi ga mai tarken adabi, saboda yadda ta karanta wasiƙun da hafsoshin suka aika gida tare da wasiƙun Larabci na sarakuna da ƴan kasuwa da bayanan da aka ɗauka cikin harsunan ƙasar. Hoton da ya fito ya saɓa wa na ƙagaggun labarai. Sojan Faransa wajen 80 ne da sojojin Afirka wajen 600. Ba su jin harshe, ba su san rijiyoyi ba, ba su da abinci sai wanda aka ba su ko suka ƙwata. Sun dogara ga tafintoci da attajirai irin su Malam Yaro na Zinder, kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuwa yana da tasa manufa. Rauninsu da tsoronsu na daga cikin abin da ya sa suke saurin zubar da jini. A 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru a ƙasar Sakkwato, suka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da ƙulla makirci, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, ba a mayar da sarautar ga gidan ba sai 1923.

Wannan ya nuna cewa kaɗaicin da adabi ke rerawa yana da gaskiya ta wata fuska. Saurayin makaho ne a garin, wani ke riƙe masa sanda. Wanda ya fi kowa fahimtar haka a adabin Afirka ta Yamma shi ne Amadou Hampâté Bâ, wanda ya sa tafinta ya zama tauraro a «L'Étrange destin de Wangrin» na 1973. Iyakar littafin Lefebvre kuwa ita ce, birane biyu ya sa gaba. Ƙauyukan Kutus da Muniyo suna gefen hoton.

Dorugu: isowa da harshen Hausa

Akwai wani labarin isowa da ya kamata ya shiga kowane aji a jihar Damagaram. Lokacin da Barth ya sauka a Gure a 1852, cikin ayarinsa akwai wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka kama bawa yana ƙarami, daga baya aka ƴanta shi. Ya bi Barth har Tambutu, ya ratsa Sahara, ya isa Ingila a 1855. A can ya ba wa J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin «Magána Hausa» a 1885. Ya komo ƙasar Hausa, ya rasu a Kano a 1912.

Dorugu ma saurayi ne da ya isa ƙasa mai nisa, ba dangi, ba harshe. Amma da ya isa, mutane ya gani. Ya lura da yadda Turawa ke zama cin abinci, da suturarsu, da yadda maza da mata ke mu'amala, ya faɗa cikin natsuwa da ɗan murmushi. Bai ce Ingila kango ce ba, domin bai je cin ta ba. Idan aka ajiye shafinsa kusa da na Loti ko na Psichari, ɗalibi zai gane da kansa cewa wofintar da ƙasa ba ɗabi'ar baƙunta ba ce. Tana zuwa ne daga abin da baƙon ya zo yi. Haka nan waƙoƙin Alhaji Umaru na Salaga kan zuwan Nasara, da labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, duk suna nuna cewa masu gida ma sun kalli baƙon, sun auna shi, sun yi masa suna.

Kammalawa

Sojojin Faransa na ƙarshe sun bar Nijar a watan Disamba na 2023, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai ficewar soja ba ta fitar da labari daga cikin littafi. Muddin babin isowa na nan a yadda aka gada shi, aikin malami ne ya koyar da shi tare da tambayoyinsa: wa ke kallo, wa ake kallo, wa aka ƙirga, wa aka tsallake. Jefar da littattafan Joalland da Meynier ba dabara ba ce, domin a cikinsu akwai ranaku da sunayen wurare da amsa laifin da marubutan ba su san sun yi ba. Hanyar da ta fi ita ce a karanta su gaba da baya, a haɗa su da Mamani da Dorugu a darasi ɗaya.

Ga ƙungiyoyin al'adu kuwa, aikin ya fi gaggawa. Waɗanda suka ga isowar farko sun daɗe da ƙaura, amma akwai tsofaffi a Gamu da Kelle da Gure da suka ji daga bakin iyayensu yadda aka yi aikin tilas, da laƙabin da aka sa wa kowane kumandan, da inda aka ɓoye hatsi, da wanda ya yi tafinta da abin da ya samu. Hanyar da aka bi aka rubuta labarin Baba ta Karo ba ta fi ƙarfin ƙungiyar malamai ba: a zauna da tsoho ko tsohuwa, a ɗauki magana da Hausa ko Barbarci yadda aka faɗe ta, a rubuta ranar da wurin, a ajiye kwafi a makaranta. Daga irin wannan taska ne marubucin gobe zai iya rubuta babin isowa daga bakin rijiya, inda mata suka fara hango ƙura. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓar ta kwana ta bushe, ta bar littattafai. Saura a ji daga bakin kabar.